Salisu Bita da Katin Zinariya

Duk wanda ya taɓa sauka kwatar Wara ranar kasuwa ya ga Salisu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan mai farar shadda a tsakiyar masu ƙarnin kifi, da biro uku a aljihun gaba, yana tsaye can nesa da inda ruwa ke lasar gaɓa. Ubansa masunci ne ɗan masunci, wanda ake cewa in ya nutsa a tafkin Kainji sai ka gama cin tuwo bai ɓullo ba. Salisu kuwa tun yana ɗan shekara bakwai, ranar da kwale-kwale ya yi tangaɗi da shi a bakin gaɓa ya kurɓi ruwa, ya yanke hulɗa da tafki. Ya ce shi boko zai yi. Uban ya dube shi, ya dubi sauran 'ya'yansa, ya ce to a kai shi, ai gidan masunta ma yana buƙatar mai karanta takarda.

Ya yi firamare a Wara, ya yi sakandare a Yelwa, ya ɗan leƙa wata makarantar gaba a Kontagora bai ƙarasa ba. Da ya dawo gida sai ya tarar ƙungiyar masu jiragen ruwa tana neman sakatare. A cikinsu duka shi kaɗai ne ba shi da jirgi, shi kaɗai ne kuma bai iya iyo ba, amma shi ya iya rubuta wasiƙa mai farawa da gaisuwa ta ƙare da sa hannu. Aka ba shi kujera, da hatimi, da mabuɗin ɗakin ajiyar ƙungiya.

Shekara da shekaru aikin bai wuce rubuta sunayen fasinja da sasanta masu faɗa kan layi ba. Ya auri Murjanatu, mace mai sana'ar bandar kifi, wadda bakinta ya fi wutar bandarta zafi. In wata hidima ta kai shi Minna, gidan yayarsa Balaraba yake sauka, a shimfiɗa masa katifa a falo, a cika masa kwano da tuwon shinkafa, da safe a haɗa masa da ɗumame. Bai taɓa ganin aibin haka ba.

Sai ga zamanin bita ya zo. Duk lokacin da jirgi ya kife a wani wuri cikin kogi, manyan birni kan yi baƙin ciki ƙwarai, baƙin cikin nan kuma ba ya fita sai an kira taron bita na kwana uku a wani zaure mai sanyi, inda ruwan da ya fi kusa shi ne na gorar da ke kan tebur. Takardun gayyata suka fara zuwa wa ƙungiya daga Birnin Kebbi da Minna, wani lokaci har daga Abuja. Masu jirage ba mai iya barin jirginsa kwana uku ya je ya zauna kallon allo. Suka ce Sakatare ya je, ai shi ya iya Turanci. Kafin damina biyu ba mai kiransa Salisu kawai a Wara, sai Salisu Bita.

Masu shirya irin wannan taro sukan ba kowa alawus ɗinsa na masauki, ya je ya nemi inda zai kwana. A nan Salisu ya san akwai abin da ake kira katin ɗan gida. Otal zai ba ka kati, ya ce in ka riƙe shi shi ma zai riƙe ka: duk kwanan da ka yi a rubuta maka, in kwanakin sun taru a yi maka alheri. Cikin 'yan watanni aljihunsa ya tara guda uku, kuma wani tsohon ɗan bita ya ja shi gefe ya faɗa masa gaskiya, cewa mai raba kwanansa gida uku ba inda zai kai, dole ya zaɓi ɗaya.

Wata ranar bayan la'asar ya baje katunan a kan tabarma a tsakar gida, ya zauna yana kallonsu kamar mai duba. Murjanatu tana gefe tana juya tarwaɗa a kan banda, hayaƙi yana sa ta ƙifta ido.

"Malam, mi kake kallo tun ɗazu? Ko takardar gado ce?"

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Na farko na otal ɗin Inuwa ne, katin kwali da ake buga wa hatimi. Otal ɗin yana jikin zaurukan da ake yin taro, a Minna da Birnin Kebbi duka. Kowace safiya akwai shayi da burodi da ƙwai, kuma in ka kwana goma na sha ɗaya kyauta ne. Na biyu na wani masauki ne a bakin tasha, suna wanke wa baƙo kaya su goge. Na uku kuwa, da ya zo kansa sai da ya goge yatsunsa a riga kafin ya ɗauka. Na otal ɗin Dawisu ne, katin roba mai sheƙi irin na banki, an tona sunansa a jiki. Su matakai ne da su. Ana farawa da tagulla, a hau azurfa, wanda ya yi kwana talatin cikin shekara guda ya zama na zinariya, a ba shi kwana ɗaya kyauta a ɗakin manya.

"Shi Dawisun ina yake?"

"Can bayan gari. Wurin shina da tsit."

"Akwai ƙwai?"

"Sai an kai zinariya."

Murjanatu ta nuna katin kwali da tsinken da take juya kifi. "Ɗauki wanga mai ƙwai."

Salisu ya yi murmushin tausayi. Ya ce ita ba za ta gane ba, don ba ta fita. Ya ce a Inuwa in ya shiga, mai karɓar baƙi ko kai ba ya ɗagawa, sai ya ce Malam ga mabuɗi. A Dawisu kuwa akwai wata yarinya mai suna Grace a wurin karɓar baƙi, tana ganinsa take miƙewa ta ce, "Sannu da zuwa, Yallaɓai."

"To ni ma sai in riƙa ce maka Yallaɓai, ka riƙa kwana gida," in ji Murjanatu.

Bai kula ta ba. Mako uku ya yi yana shawara, yana kiran abokan bita a waya, yana zana layuka a bayan takardar gayyata. Ko lokacin neman aurensa bai yi tunani haka ba. A ƙarshe ya zaɓi abin da zuciyarsa ta riga ta zaɓa tun ranar da aka fara ce masa Yallaɓai. Sauran katunan biyu Murjanatu ta hura wuta da su.

Daga ranar nan Salisu ya zama ɗan amanar Dawisu. Reshensu na Minna yana can bayan gari, na Birnin Kebbi ma haka, kamar sun yi rantsuwa ba za su kusanci inda ake taro ba. Kullum da safe sai ya tsaya bakin titi yana jiran keke mai ƙafa uku ko ɗan acaɓa, ya ratsa gari gaba ɗaya. Ana fara bita ƙarfe tara, shi yana isa sha ɗaya da rabi. Duk abin da ake koyarwa da safe, irin yadda ake ɗaura rigar ceto da yawan mutanen da ya kamata jirgi ya ɗauka, ya wuce shi. Amma bai taɓa rasa hoton taro ba, bai kuma taɓa rasa abincin rana ba. A ranar rufewa a miƙa masa satifiket. Bangon ɗakinsa ya cika da su har Murjanatu ta rasa inda za ta rataya madubi.

Wasu tarukan kan haɗa wakilai da dilar rigunan ceto, masu ruwan lemo, su kai wa mutanensu. Salisu yakan kawo su Wara a saman mota, ya sa a ɗakin ajiya ya kulle. Ya ce kaya irin wannan ba a raba su haka kawai kamar goro, sai an sa rana, an gayyato baƙo, an ɗauki hoto. Ranar kuwa ta ƙi samuwa, don bai cika kwana huɗu a jere a gida ba.

Tarukan ruwa kaɗai ba za su cika masa kwana talatin ba, saboda haka ya buɗe ƙofa. Ya je bitar ajiyar albasa. Ya je ta kiwon zuma. Ya je wata ta shayar da jarirai nonon uwa, inda shi kaɗai ne namiji a cikin mata arba'in, ya kuma tashi ya yi jawabin godiya a madadin mahalarta. Gidan Balaraba kuwa ya daina zuwa gaba ɗaya. In ta kira ta ce ta ji an ce yana Minna, sai ya ce masu taro sun hana kwana a waje.

Ya hau azurfa da kaka. A lokacin har ya canza tafiya. In ya zauna a majalisar bakin kwata sai ya ciro walat kamar yana neman wani abu, ya bar katin ya leƙo.

Ana cikin makon ƙarshe na Disamba sai ga kiran Grace.

"Yallaɓai, ina tuna maka ne. Kwana ashirin da bakwai gare ka. In shekara ta ƙare ba ka cika talatin ba, komawa farko za a yi."

Salisu ya hau laluben takardun gayyata. Ya duba ko'ina, ba wata bita. Masu shirya taro duk sun tafi hutu. Ga shi kuma a wannan makon ne ƙungiya ta tsayar za a raba rigunan nan ko da baƙo ko babu. Wanda ya matsa a kan haka shi ne Andarawus, wani ɗan ƙauyukan kan tudu da ya bar noman dawa ya sayi jirgi mai inji, mutum marar yawan magana. Ya ce lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara jirage kan cika da mata da yara masu ƙetarewa ganin dangi, kuma bai ga amfanin riga tana ɗaki mutum yana ruwa ba. Aka sa ranar Laraba.

Ranar Litinin da hantsi Salisu ya saɓa jaka. Ya ce wa Murjanatu an kira taron gaggawa a Minna.

"Taron mi?"

"Na manya ne. Ba a faɗi a waya."

Ya hau mota ya tafi, mabuɗin ɗakin ajiya yana aljihunsa. Ba da gangan ya tafi da shi ba. Bai tuna da shi ba ne sam, kuma in aka duba wannan ya fi muni.

Kwana uku Salisu ya yi a Dawisu ba aikin fari ba na baƙi. Ya kwanta, ya tashi, ya kalli talabijin, ya ƙirga fulawoyin labule. Da wayarsa ta fara ruri ranar Laraba da safe ya ga sunan Andarawus, sai ya kashe ta ya tura ƙarƙashin matashi. Da azahar yunwa ta koro shi bakin titi neman mai tsire. Yana tsaye ana yanka masa albasa sai wata keke ta ci burki a gabansa. Balaraba ce, ta dawo daga gidan biki, da kwanon abinci a cinya.

Ya juya da sauri ya nufi otal kamar bai gan ta ba. Ta sallami mai keke ta bi shi har cikin zauren karɓar baƙi, takalminta yana ƙara a kan tayil.

"Salisu!"

"A'a, Yaya, ke ce? Sannu da..."

"Riƙe sannunka. Yaushe ka shigo garin ga?"

"Shekaranjiya. Taro ne ya riƙe ni, wallahi ko numfashi ba mu samu."

Balaraba ta dubi silifas ɗin wanka da ke ƙafarsa, ta dubi ƙunshin tsire. Ta juya wajen masu karɓar baƙi. "'Yan mata, wane taro ake yi a nan?"

Grace yarinya ce mai ladabi, kuma an koya mata amsa wa baƙo da gaskiya da fara'a. Ta ce, "Ai babu taro, Hajiya. Yallaɓai kwana yake cikawa."

"Kwanan mi? Takaba yake?"

Grace ta yi mata bayanin tagulla da azurfa da zinariya, har ta nuna mata hoton katin a bango. Balaraba ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta ajiye kwanonta a kan teburin Grace, ta gyara mayafi.

"Ni na goye ka, Salisu. Da Inna ta kwanta ciwo ni na riƙa wanke ka. Shekara nawa kana cin tuwona a garin ga, ban taɓa rubuta maka kwana ba. Ashe kuskure na yi. Da na sani da na yanko kwali na riƙa dangwala maka, ka ga da yanzu kai ne sarkin zinariya." Ta ɗauki kwanon. "In ka koma ka gaida Murjanatu. Ita ce abin tausayi."

Ta fita. Salisu ya tsaya da tsirensa yana huce masa a hannu. Abin ya dame shi ƙwarai, har kusan la'asar. Amma washegari da safe manaja da kansa ya fito ya miƙa masa kati mai ruwan zinariya a cikin ambulan, aka ɗauke su hoto suna musabaha, sai damuwar ta bi iska.

A Wara kuwa, ranar Larabar nan mutane sun taru a kwata tun hantsi. Da aka gaji da kiran wayar da ba ta shiga, Andarawus ya ɗauko guduma ya fasa kwaɗon. Suka tarar da dila shida. Na sama lafiya lau. Na ƙasa, waɗanda suka fi shekara a kan siminti, ɓeraye sun yi gari a ciki, sun haihu sun yi jikoki. Aka raba masu kyau a ranar ba baƙo ba hoto, aka kuma sa ranar zaman ƙungiya bayan sabuwar shekara.

Salisu ya dawo ya tarar gaisuwarsa ba ta samun amsa mai kyau. Bai damu sosai ba, ya ɗauka hassada ce. A gida ne abin ya fi tsanani, don Balaraba ta riga shi isowa ta waya, kuma Murjanatu ta daina yi masa magana sai ta hanyar ajiye kwano da ƙarfi. Sai dabara ta zo masa. Zai kai ta Minna ta ci kwanan kyautar nan tare da shi, ta ga ɗakin manya da idonta, ta san ba a banza ya sha wahala ba. Da farko ta ƙi. Daga baya ta ce za ta je, don tana son ganin abin da ya fi gidanta da gidan Yaya.

Suka isa da yamma, ita da sabuwar atamfa, shi da babbar riga. Ya ajiye katin a kan teburin karɓar baƙi da ɗan ƙara. Grace ta miƙe.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Sannu, Madam." Ta danna kwamfuta, fuskarta ta ɗan canza. "Sai dai kwanan kyauta na mutum ɗaya ne. Yana rubuce a bayan takardar da ka sa wa hannu."

Salisu ya ce shi bai ga wannan ba. Ta ciro takardar ta nuna masa wani rubutu mai ƙananan haruffa kamar ƙwan kifi. Ya yi ƙasa da murya, ya roƙa, ya ambaci kwana talatin. Aka kira manaja, manaja ya yi dogon tunani, ya ce saboda darajar Yallaɓai Madam za ta iya shiga, amma karin kumallo na mutum ɗaya ne. Ɗakin manya kuma wani babba ya riga ya kama, sai dai a ba su wanda yake daidai da shi.

Wanda yake daidai da shi ɗin, Salisu ya gane shi tun daga ƙofa. Ɗakin da ya saba kwana ne. Abin da ya ƙaru shi ne gorar ruwa guda a kan tebur, da wata takarda a naɗe an rubuta barka da zuwa Alhaji Salihu. Murjanatu ta zaga ɗakin, ta taɓa katifa, ta leƙa banɗaki, ta ɗaga labule. Tagar tana kallon janareta, wanda a daidai lokacin ya yi tari ya tashi.

"Nan ne wurin da shike da tsit?"

"Ana sabawa," in ji Salisu.

Da safe suka sauka ɗakin cin abinci. An keɓe wani lungu da jar igiya, an rubuta na masu zinariya ne. Salisu ya ɗaga igiyar da alfahari ya ce ta wuce. A ciki akwai maza sun kai goma sha biyu, duk ya san su: na bitar albasa, na bitar zuma, da tsohon nan da ya fara ba shi shawara. Kowa da katinsa a gefen faranti, kowa yana ce wa ɗan'uwansa Yallaɓai. Aka kawo wa Salisu shayi kofi ɗaya, burodi yanka biyu, da dafaffen ƙwai guda. Ya ɓare ƙwan a hankali, ya raba shi biyu da cokali, ya tura mata rabin da ya fi gwaiduwa.

Murjanatu ta daɗe tana kallon rabin ƙwan nan. Grace ta zo wucewa, ta kira ta.

"Ƙanwata, zo in tambaye ki. Wagga zinariya ita ce ƙarshe, ko akwai wani abu a sama?"

"Akwai lu'ulu'u, Madam. Kwana sittin."

Murjanatu ba Grace take kallo ba, mijinta take kallo. Ta ga yadda cokali ya tsaya masa a hannu, idonsa ya yi haske, leɓensa ya fara motsi yana raba sittin cikin wata goma sha biyu. Ta miƙe, ta tura masa rabin ƙwanta.

"Cinye, Malam, kai ka yi wahalarsa. Ni na tahi gidan Yaya in karya."

Kwana biyu ta yi a can, ta dawo Wara a mota daban, ba tare da shi ba.

Zaman ƙungiya an yi shi ne a ƙarƙashin mangwaron bakin kwata, bayan jiragen safe sun tashi. Salisu ya zo da jakar satifiket da jawabi mai shafi huɗu. Ba a bar shi ya karanta ba. Andarawus ya tashi, ba hayaniya, ya ɗauko rigar ceto guda cikin masu kyau, ya miƙa masa.

"Sakatare, mu ba mu je bita ba, kai ka je. Nuna muna yadda ake sa ta."

Salisu ya karɓa. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ya zura hannu ɗaya, igiya ta harɗe masa a babbar riga. Da ƙyar ya shige, sai ga ta baya a gaba, wuyanta ya tokare masa haɓa, hular kansa ta faɗi. Wani tsohon matuƙi ya ce a haka in ya faɗa ruwa ƙafafunsa ne za su tsira. Dariyar da aka yi har masu wanki a gaɓa sai da suka ɗago. Andarawus bai yi dariya ba. Ya ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ɓeraye suka ci ya ɗaga sama, soso yana zuba, ya ce wannan ta mutum ɗaya ce, kuma irinta sun fi arba'in. Dariya ta tsaya. Kafin azahar an karɓi hatimi daga hannun Salisu an ba Andarawus.

Takardun gayyata suna bin hatimi ne, ba mutum ba. Cikin wata guda wayar Salisu ta yi shiru. Ya kafa tebur a bakin kwata yana sayar da fetur a jarka da baƙin mai na injin jirgi, yana nan da farar shaddarsa, sai dai yanzu tana da tabo. Shekara ta zagayo, saƙo ya shigo daga Dawisu cewa suna kewarsa, kuma sun mayar da shi tagulla. Da ƙaramar salla Murjanatu ta tasa shi gaba har Minna, ya durƙusa ya ba Balaraba haƙuri. Ta yafe, ta zuba masa tuwo, amma har yau in zai kwana sai ta tambaye shi ko a rubuta.

Andarawus ya yi aiki, ba mai musun wannan. Ya hana lodin da ya wuce ƙa'ida, ya sa kowane jirgi ya rataya rigunansa inda hannu zai kai. Gayyatar farko ya mayar da ita, ya ce shi yana da jirgin tuƙi. Ta biyu aka ce dole ne sai sakatare, ya je ya dawo yana tsaki. Ta uku ya je bai yi tsaki ba. Bayan ta biyar aka ga ya ɗauki wani yana tuƙa masa jirgi, shi kuma ya sayi takalmi sau-ciki.

Wata ranar da la'asar, kasuwa ta watse, Salisu yana goge mazurari, sai ga Andarawus ya zo ya zauna a bencinsa. Suka gaisa, suka yi maganar ruwa ya ja baya bana, suka yi maganar tsadar mai. Andarawus ya waiga hagu da dama. Sannan ya zura hannu a aljihu ya ciro kati biyu, ɗaya na kwali ɗaya na roba, ya ajiye a kan tebur tsakanin jarkoki.

"Malam Salisu, kai ka san harkar ga. Wanne ya kamata mutum ya riƙe?"

Salisu ya dubi katunan. Ya san amsar, ba wanda ya kai shi saninta a duk faɗin ƙaramar hukumar Ngaski. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tuna da ƙarshen saƙon nan da Dawisu suka turo masa, inda suka ce duk tsohon ɗan gida da ya kawo musu sabon baƙo za a rubuta masa kwana biyu.

Ya goge hannunsa da tsumma, ya sa yatsa a kan na robar, ya tura shi gaban Andarawus.

"Wanga. Wurin shina da tsit. In ka je ka nemi wata yarinya Grace, ka ce ni na turo ka. Ka tabbata ta rubuta sunana daidai, Salisu, ba Salihu ba."